Yadda saƙon maiƙo ke tayar da garkuwar jiki

Zazzaɓi, da ƙaiƙayin fata bayan shiga ruwa, da fitsarin jini, da sarƙewar numfashi a lokacin hunturu, suna cikin larurorin da aka saba kaiwa asibitoci da kantunan magani a Talata Mafara da Bakura da Maradun a jihar Zamfara.

Ko da yake musabbabin kowace larura daban ne, masana kimiyya sun gano cewa a cikin jiki kusan hanya guda suke bi. Wani baƙon abu ne ke taɓa bayan ƙwayar garkuwar jiki, ita kuma sai ta ɓantari maiƙon da ke jikinta ta mayar da shi saƙo.

Fahimtar wannan hanya ce ta bayyana dalilin da ya sa maganin kashe zafi ke sauke zazzaɓi alhali cutar tana nan, da kuma dalilin da ya sa yawan shansa ke yi wa ciki da ƙoda lahani.

Yankin Bakalori

Ƙananan hukumomin uku dai suna cin gajiyar madatsar ruwa ta Bakalori, wadda aka gina a kan kogin Sakkwato a yankin Maradun. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi aikin, aka kuma kammala madatsar a shekarar 1978.

An gina ta ne don ta riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, ta kuma shayar da gonaki kimanin hekta 23,000. A lokacin yankin yana cikin tsohuwar jihar Sakkwato, kafin a ƙirƙiro jihar Zamfara a shekarar 1996.

Ruwan ya bai wa dubban magidanta damar noman shinkafa da kayan lambu a lokacin rani. Sai dai kuma ruwan da ke kwance a magudanai da fadamu duk shekara yakan zama wurin hayayyafar sauro da dodon koɗi, waɗanda su ne ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro da cutar tsargiya.

Saboda haka jikin manomi ko masunci ko yaron da ke wanka a magudanar ruwa yana cikin arangama da ƙwayoyin cuta a kai a kai.

Tantanin ƙwaya

Jikin ɗan'adam ya ƙunshi ƙwayoyin halitta masu ɗimbin yawa, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. Daga cikinsu akwai ƙwayoyin garkuwar jiki. Wasu suna yawo a cikin jini, su ne ake kira fararen ƙwayoyin jini, wasu kuma suna zaune a fata da huhu da hanji da hanta.

Kowace ƙwaya tana lulluɓe da wani tantani na maiƙo mai ninki biyu. Kaurinsa kimanin kashi ɗaya ne cikin dubu goma na kaurin silin gashi.

Wasu masana biyu 'yan ƙasar Holan, Gorter da Grendel, su ne suka nuna a shekarar 1925 cewa tantanin ninki biyu ne na maiƙo. A shekarar 1972 kuma Singer da Nicolson a Amurka suka bayyana cewa ba a daskare yake ba, ruwa-ruwa ne, kuma akwai sinadaran furotin da ke yawo a cikinsa.

An daɗe ana ɗaukar wannan maiƙo a matsayin katanga kawai, kamar ganuwar da ta kewaye birni. Daga baya ne aka fahimci cewa daga jikin ganuwar ake ɓantaro saƙon da ake aika wa cikin birnin idan abokan gaba sun iso ƙofa.

Makarɓan saƙo

Ƙwayar cuta ba ta bukatar shiga cikin ƙwayar garkuwa kafin a san da zuwanta. A bayan tantanin akwai wasu sinadaran furotin da ake kira makarɓa. Kan kowane makarɓi yana waje, gindinsa kuma yana ciki, kuma akwai takamaiman abin da yake ganewa.

Wasu makarɓan suna gane alamomin da ke jikin ƙwayoyin cuta iri-iri. Daga cikinsu akwai dangin da ake kira TLR, waɗanda mutum yake da guda goma. Binciken da ya kai ga gano aikinsu ne ya sa aka bai wa Bruce Beutler da Jules Hoffmann kyautar Nobel a shekarar 2011.

Wasu makarɓan kuma suna riƙe sinadaran kariya ne da jiki ya ƙera a baya, wato antibodi, su kuma antibodin su ke kama baƙon abu. Akwai kuma makarɓan ƙwayoyin da ake kira T da B, waɗanda su ne ke tuna cutar da jiki ya taɓa karo da ita. Wannan tunawa ce tushen allurar riga-kafi.

Idan baƙon abu ya kama makarɓa biyu ko fiye, yakan jawo su wuri guda. Haɗuwar gindinsu ta ciki ce ke farkar da wasu sinadarai da ake kira enzayim, masu aikin yanka ko liƙa wasu sinadaran. Daga nan saƙon yakan bi manyan hanyoyi uku.

Hanya ta farko: buɗe ƙofar kalsiyam

A ninkin ciki na tantanin akwai wani maiƙo da ake kira PIP2, wanda yawansa bai wuce kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari na maiƙon wurin ba.

Enzayim ɗin da ake kira PLC yakan raba shi gida biyu. Kansa, wanda ake kira IP3, yana narkewa a ruwa, don haka sai ya faɗa cikin ƙwayar. Jelarsa kuma, wadda ake kira DAG, takan zauna a cikin tantanin.

A cikin ƙwayar akwai ma'ajiyar sinadarin kalsiyam. A lokacin da ƙwaya take hutawa, kalsiyam ɗin da ke ruwan cikinta bai kai kashi ɗaya cikin dubu goma na wanda ke wajenta ba. IP3 ne ke buɗe ƙofar ma'ajiyar, kamar yadda ake buɗe ƙofar madatsa ruwa ya malala zuwa gonaki. Idan ma'ajiyar ta yi ƙasa kuma, sai wasu ƙofofin da ke tantanin su buɗe, ƙarin kalsiyam ya shigo daga waje.

Shi kuwa DAG yakan jawo wani enzayim mai suna PKC ya tayar da shi. Kalsiyam da PKC a haɗe su ke umartar ƙwayar ta zubar da abin da ta tanada, ko ta shiga hayayyafa, ko kuma ta fara ƙera sinadaran kiran agaji. Matakan farko na wannan aiki a cikin daƙiƙoƙi suke faruwa.

Hanya ta biyu: alamar alƙibla

A hanya ta biyu ba a yanka PIP2. Wani enzayim mai suna PI3K ne ke ƙara masa ɗigon sinadarin fosfet guda, ya koma PIP3.

PIP3 yana aiki ne kamar turke. Duk inda ya taru a tantanin, wasu sinadaran furotin sukan zo su maƙale a wurin su fara aiki.

Wannan na taimaka wa farar ƙwayar jini da ake kira nutrofil wajen sanin inda za ta dosa. Idan ƙaya ta soki manomi a ƙafa, PIP3 yakan taru a gefen ƙwayar da ke fuskantar raunin, sai ta miƙa ta wannan gefe ta rarrafa zuwa wurin. Mugunyar da ake gani a miki galibinta gawarwakin waɗannan ƙwayoyi ne.

Bayan ƙwayar garkuwa ta haɗiye ƙwayar cuta, wani maiƙon mai suna PI3P ne ke yi wa jakar da aka zuba ta alama domin a narkar da ita. Ƙwayar cutar tarin tibi tana da dabarar goge wannan alama, abin da ke taimaka mata ta rayu a cikin ƙwayar da ta haɗiye ta.

Hanya ta uku: saƙon da ke fita waje

Hanyoyin biyu na farko a cikin ƙwaya suke ƙarewa. Ta uku kuwa tana aika saƙo ne zuwa maƙwabta.

Idan kalsiyam ya ƙaru, wani enzayim da ake kira PLA2 yakan yanko wani maiƙo mai suna arakidonik daga tantanin da ke cikin ƙwayar. Daga nan hanya ta rabu biyu.

Enzayim ɗin da ake kira COX yakan mayar da shi sinadaran furostagilandin, waɗanda ke buɗe jijiyoyin jini, su ƙara wa jijiyoyin ji saurin jin zafi, su kuma kawo zazzaɓi. Wani enzayim ɗin kuma yakan mayar da shi sinadaran lukotirin, waɗanda wasunsu ke kiran ƙarin fararen ƙwayoyin jini, wasu kuma su matse hanyoyin numfashi.

Jiki ba ya adana waɗannan sinadarai. A lokacin bukata ake ƙera su, a kusa suke aiki, kuma ba sa daɗewa kafin su lalace.

Yadda aka gano

A shekarar 1953 ne wasu ma'aurata, Lowell da Mabel Hokin, da ke aiki a birnin Montreal na ƙasar Kanada, suka lura cewa idan aka zaburar da wata gaɓa ta cikin tantabara, maiƙon ƙwayoyinta yakan canja cikin sauri. An shafe fiye da shekara 20 ba a san ma'anar hakan ba.

A shekarar 1975 Robert Michell na Birtaniya ya kawo ra'ayin cewa canjin yana da nasaba da ƙaruwar kalsiyam. A 1977 Yasutomi Nishizuka da abokan aikinsa a birnin Kobe na Japan suka gano PKC. A 1983 kuma Michael Berridge da Robin Irvine, tare da wasu masana a Jamus, suka tabbatar cewa IP3 ne ke sakin kalsiyam. Ayarin Lewis Cantley a Amurka ne ya bayyana aikin PI3K a shekarar 1988.

Ta ɓangaren hanya ta uku, John Vane na Birtaniya ya nuna a shekarar 1971 cewa asfirin yana hana ƙera furostagilandin ne. Bengt Samuelsson na ƙasar Suwidin ya gano lukotirin a 1979. Su biyun, tare da Sune Bergström, sun sami kyautar Nobel a shekarar 1982.

Zazzaɓin cizon sauro

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarun baya-bayan nan sun nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke, kuma yankin arewa maso yamma na cikin inda cutar ta fi ƙamari.

Ƙwayar cutar da ta fi yawa a ƙasar, wadda ake kira falsifaram, tana shiga jajayen ƙwayoyin jini ta hayayyafa. Bayan kimanin sa'o'i 48 sai jar ƙwayar ta fashe, sababbin ƙwayoyin cuta da tarkacensu su bazu cikin jini.

A cikin tarkacen akwai wani sinadari mai suna GPI, haɗin sukari da maiƙo, wanda ƙwayar cutar ke amfani da shi wajen ɗaure furotin a bayanta. A shekarar 1993 Louis Schofield da Fiona Hackett suka nuna cewa wannan sinadari kaɗai ya isa ya tunzura ƙwayoyin garkuwa. Daga baya aka gano cewa makarɓin TLR2 ne ya fi gane shi.

A nan ma maiƙo na da hannu, domin furotin ɗin da ke karɓar saƙo daga gindin TLR2 a jikin PIP2 yake maƙalewa kafin ya yi aikinsa.

Ƙwayoyin garkuwar da suka farka sukan saki sinadaran kiran agaji, irin su TNF, cikin jini. Idan waɗannan suka isa jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa, sai ƙwayoyin da ke wurin su ƙera furostagilandin da ake kira E2. Shi ne ke taɓa sashen ƙwaƙwalwa mai daidaita zafin jiki, ya ɗaga ma'aunin daga kimanin digiri 37 zuwa 39 ko 40.

Wannan ne dalilin rawar sanyi. Ƙwaƙwalwa tana ganin jiki bai kai sabon ma'aunin ba, don haka majinyaci yake karkarwa yana neman bargo ko da a tsakiyar bazara. Idan sinadarin ya ragu, ma'aunin ya sauko, sai gumi ya keto.

Ke nan zazzaɓin aikin jiki ne, kuma sauke shi bai taɓa ƙwayar cutar ba. Yaron da aka bai wa farasitamol jikinsa zai yi sanyi na wasu sa'o'i, amma ƙwayoyin cutar suna ci gaba da ninkuwa. A ƙananan yara cutar kan iya kaiwa ga ƙarancin jini ko jijjiga ko suma cikin kwana ɗaya ko biyu.

An taɓa gwada danne martanin jiki baki ɗaya. Wani bincike da David Warrell da abokan aikinsa suka yi a ƙasar Tailan, aka wallafa a shekarar 1982, ya nuna cewa bai wa masu zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa maganin deksametason bai rage mace-mace ba, sai ma ya tsawaita suma. Tun daga nan likitoci suka daina amfani da shi a wannan hali.

Tsargiya

Likitan nan ɗan ƙasar Jamus, Theodor Bilharz, shi ne ya gano tsutsar tsargiya a birnin Alƙahira a shekarar 1851. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane fiye da miliyan 250 ne suka bukaci maganin cutar a shekarar 2021, kuma Najeriya na sahun gaba a ƙasashen da ke fama da ita.

'Ya'yan tsutsar suna fitowa ne daga jikin dodon koɗi su yi iyo a ruwa. Idan mutum ya shiga dashen shinkafa ko su ko wanki, sai su huda fatarsa cikin 'yan mintoci.

A ƙarƙashin fata akwai wasu ƙwayoyin garkuwa da ake kira mast, waɗanda Paul Ehrlich ya bayyana a shekarar 1878. Cikinsu cike yake da ƙananan jakunkuna na sinadarin histamin, bayansu kuma yana ɗauke da makarɓan wani antibodi da ake kira IgE. Wasu ma'aurata 'yan Japan, Kimishige da Teruko Ishizaka, suka gano shi a Amurka a shekarar 1966.

Idan jiki ya taɓa haɗuwa da tsutsar, IgE yana nan a kan ƙwayar yana jira. Da zarar furotin ɗin tsutsa ya kama guda biyu ya haɗa su, sai PLC ya yanka PIP2, kalsiyam ya malalo, jakunkunan histamin su fashe. Daga nan ne ƙaiƙayi da ƙananan ƙuraje ke fitowa a ƙafa ko hannu bayan fitowa daga ruwa.

Ita ma tsutsar tana magana da irin wannan harshe. Wani bincike da aka yi kan ɓeraye a birnin Lille na Faransa, aka wallafa a shekarar 2001, ya nuna cewa ɗan tsutsar yana ƙera nasa furostagilandin ɗin, mai suna D2, wanda ke hana ƙwayoyin da ke gadin fata tashi su kai rahoto. A 2002 kuma masana a birnin Leiden na Holan suka gano wani maiƙo a jikin tsutsar da ke kama makarɓin TLR2 ta yadda zai sa garkuwar jiki ta lafa.

Waɗannan dabaru na cikin abin da ke bai wa tsutsar damar zama a jijiyoyin jinin mutum shekara uku zuwa goma, macen tana zuba ɗaruruwan ƙwai a kullum.

Ƙwan ne ke jawo ciwon. Wasu sukan ratsa bangon mafitsara su fita da fitsari, su bar rauni mai zubar jini. Wasu kuma sukan maƙale, ƙwayoyin garkuwa su kewaye su, wurin ya kumbura, daga baya ya zama tabo. Idan aka ɗauki shekaru a haka, abin kan kai ga toshewar hanyar fitsari, da ciwon ƙoda, da sankarar mafitsara. A mata yakan taɓa al'aura da mahaifa. Nau'in da ke zama a jijiyoyin hanji kuma hanta yake lalatawa.

A wasu wurare ana ɗaukar fitsarin jini a yara maza kamar alamar girma. Likitoci sun ce alamar rauni ne a mafitsara, kuma yana bukatar magani.

An daɗe da lura cewa 'yan shekara 10 zuwa 15 sun fi manya ɗaukar tsutsar. Yawan wanka a ruwa na cikin dalilai, amma wani bincike da Paul Hagan da abokan aikinsa suka yi a ƙasar Gambiya, aka wallafa a shekarar 1991, ya ƙara wani dalilin. Waɗanda suke da IgE mai yawa a kan tsutsar sun fi jure sake kamuwa, yara kuma sun fi yawan wani antibodin mai suna IgG4, wanda ke kama tsutsar ba tare da ya tayar da saƙon ba. Jiki yakan ɗauki shekaru kafin ma'aunin ya karkata zuwa IgE.

Asma da ƙurar hunturu

Hanyar da ke yaƙar tsutsa ita ce ke wahalar da mai asma. A jikinsa IgE yana kama abubuwan da ba su da lahani, kamar ƙananan ƙwarin da ke cikin ƙurar ɗaki, da garin furanni, da ƙaiƙayin hatsi a lokacin sussuka. Busasshiyar iska mai sanyi da ƙurar hunturu da hayaƙin itace kuma sukan ƙara tunzura hanyoyin numfashi.

Ƙwayoyin mast da ke huhu sukan saki histamin nan take, bayan 'yan mintoci kuma su ƙera lukotirin, wanda ƙarfinsa na matse hanyar numfashi ya ninka na histamin sau ɗari ko fiye.

Tun a shekarar 1938 wasu masana biyu a ƙasar Ostireliya, Feldberg da Kellaway, suka ga alamar wannan sinadari lokacin da suka zuba dafin gamsheƙa a huhun dabba. Dafin macizai da yawa yana ɗauke da nasa PLA2 ɗin, wanda ke yanka maiƙon tantani kai tsaye.

Wani bincike da aka yi a ƙasar Gabon, aka wallafa a shekarar 2000, ya gano cewa yaran da ke ɗauke da tsargiya ba su cika nuna martanin fata ga ƙwarin ƙurar ɗaki ba, idan aka kwatanta da waɗanda ba su da ita. Masana na danganta hakan da yadda tsutsar ke lafar da garkuwar jiki, amma sun ce lahaninta ya fi wannan girma nesa ba kusa ba.

Inda magunguna ke shiga

Yawancin magungunan da ake saya a kemis don ciwon jiki da gajiya suna tare wani mataki ne na waɗannan hanyoyi.

Asfirin da ibufurofin da dikilofenak suna toshe COX. Matsalar ita ce furostagilandin yana da wasu ayyukan na yau da kullum. Shi ne ke sa ciki ya yi majinar da ke kare shi daga ruwan tsami, shi ne kuma ke buɗe jijiyoyin ƙoda idan ruwan jiki ya yi ƙasa.

Don haka manomin da ya yini cikin rana yana gumi, da yamma ya haɗa irin waɗannan magunguna biyu ko uku ya sha ba tare da abinci ko isasshen ruwa ba, yana jefa kansa cikin haɗarin gyambon ciki da ciwon ƙoda. Sau da yawa magungunan da sunayensu suka bambanta aikinsu ɗaya ne, haɗa su kuma ninka lahanin yake yi.

Likitoci ba sa bai wa yara 'yan ƙasa da shekara 16 asfirin don zazzaɓi, saboda wata larura mai taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Suna kuma gargaɗin mata masu ciki game da waɗannan magunguna, musamman a watannin ƙarshe. A wasu masu asma, toshe COX yakan karkatar da maiƙon zuwa hanyar lukotirin, sai numfashi ya sarƙe.

Farasitamol ya fi aiki a ƙwaƙwalwa, shi ya sa yake sauke zazzaɓi amma ba ya rage kumburi sosai. Bai cika damun ciki ba, sai dai idan babban mutum ya wuce giram 4 a rana yana iya lalata hanta.

Deksametason da danginsa suna rage aikin PLA2 da COX a lokaci guda, tare da danne sinadaran kiran agaji. Suna ceton rai a hannun likita, alal misali idan asma ta yi tsanani. Amma masu shansu don neman ƙiba, abin da ake kira sha-ka-fashe, suna kashe ƙararrawar jikinsu ne, cuta ta samu shiga ba tare da alama ba. Akwai kuma haɗarin ciwon suga da hawan jini da raunin ƙashi.

Maganin montelukas, wanda aka amince da shi a Amurka a shekarar 1998, yana tare makarɓin lukotirin a huhu. Magungunan da ake bai wa waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, irin wanda Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara yi a shekarar 2002, wasunsu suna tare saƙon kalsiyam ne a cikin ƙwayoyin T domin kada jiki ya ƙi sabuwar ƙodar. A shekarun 2013 da 2014 kuma an amince da wasu magungunan sankarar jini da ke tare hanyar PIP3 a ƙwayoyin B.

Yadda saƙon ke tsayawa

Jiki yana da nasa hanyoyin kashe saƙon. Wasu enzayim biyu, PTEN da SHIP, suna cire fosfet daga PIP3. Ana mayar da kalsiyam ma'ajiyarsa, ana kuma sake gina PIP2 daga gutsattsarinsa.

A shekarar 1984 Charles Serhan da Samuelsson da wani abokin aikinsu suka gano cewa daga maiƙon arakidonik ɗin nan jiki yana ƙera wasu sinadaran da ke umartar fararen ƙwayoyin jini su daina zuwa, a fara share wurin. Daga baya Serhan ya gano makamantansu da ake ƙerawa daga maiƙon da ake samu a kifi.

Idan saƙon ya yi rauni, cuta takan yi galaba. A shekarar 1952 likitan sojan Amurka Ogden Bruton ya bayyana larurar wani yaro da ba ya ƙera antibodi, aka kuma gano a 1993 cewa masu irin wannan larura sun rasa wani enzayim ne da ke maƙalewa a jikin PIP3. Idan kuma saƙon ya ƙi tsayawa, jiki ne ke cutar da kansa, kamar yadda ake gani a asma da tabon tsargiya.

Abin da likitoci ke shawarta

Ga mai zazzaɓi, shawarar ita ce a yi gwajin jini cikin sa'o'i 24. Idan an ga ƙwayar cutar, a sha maganin haɗi na ACT har tsawon kwana ukun da aka ƙayyade, ko da jiki ya yi sanyi tun ranar farko. Jijjiga, ko suma, ko yawan amai, ko kasa shan nono alamu ne na a garzaya asibiti, inda ake yin allurar atesunet.

Tun shekarar 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar bai wa ƙananan yara maganin riga-kafin zazzaɓin wata-wata a lokacin damina a yankin Sahel, kuma Zamfara na cikin jihohin da ake gudanar da shirin. A watan Disamban 2024 Najeriya ta fara allurar riga-kafin cutar a jihohin Kebbi da Bayelsa.

Ga tsargiya, maganin firazikwantal ne ke kashe tsutsar, kuma ana auna shi da nauyin jiki, miligiram 40 ga kowane kilo. Ba ya hana sake kamuwa, shi ya sa ake maimaita rabonsa ga 'yan makaranta a yankunan da cutar ta yi yawa. Takalmin roba mai tsawo a gonar shinkafa, da share ciyawar magudanai, da daina fitsari ko bahaya a bakin ruwa, suna rage yaɗuwarta.

Matsalar tsaro da ta addabi sassan Maradun da Bakura da Talata Mafara a shekarun baya-bayan nan ta sa zuwa asibiti ya yi wa mazauna ƙauyuka da dama wuya, abin da ke ƙara dogaro da kantunan magani. A irin wannan hali, ma'aikatan lafiya na jan hankalin jama'a da su riƙa tambayar ko maganin da aka ba su na kashe cutar ne ko na rage zafinta ne kawai, kuma duk zazzaɓin da ya dawo bayan an sha maganin kashe zafi a nemi gwaji.